Tarihin Odar Bindiga A Amurka Da Littafin Mai Shago

Duk lokacin da aka tado muhawarar ko a bar talaka ya riƙe bindiga ya kare kansa, maganar da na fi cin karo da ita a shafukan abokaina ita ce, "ai a Amurka kamar burodi ake sayenta." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Sai dai akwai wani lungu na labarin da ba a cika shiga ba, kuma shi nake so mu leƙa yau. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri.

Ka ɗauka kai Ba'amurke ne a wani ƙaramin gari, kana son wata bindigar farauta takamaimai, ka je shagon garinku ba ka same ta ba. Ba abin mamaki ba ne, ƙaramin shago ba shi da jarin da zai jibge kowane samfuri. Sai ka ce wa mai shagon ya yi maka odarta. Zai buɗe kwamfutarsa ya duba wurin manyan diloli, irin su Lipsey's da ke jihar Louisiana ko Davidson's da ke Arizona, waɗanda ba sa sayar wa kowa sai mai lasisin gwamnatin tarayya. In akwai ta, ya faɗa maka farashi har da ɗan abin da ya ɗora, ya karɓi kafin alƙalami, don in ka fasa shi za a bar wa kaya a hannu. Bayan 'yan kwanaki kwali ya iso shagon. Ko da a intanet ka gano ta da kanka ka biya kuɗinta, ba za a kawo maka ita gida ba. Dole ka ba da sunan wani shago mai lasisi a aika masa, ka je can ka biya shi la'adar karɓa.

To a nan aikin takarda ke farawa. Mai shago zai buɗe littafinsa na shige da fice ya rubuta kamfanin da ya ƙera bindigar, da samfurinta, da lambar da aka buga a jikinta, da inda ta fito. Kai kuma ka zo da ƙafarka, ka nuna katin shaida mai hoto, ka cike wani fom da ake kira 4473. A ciki za a tambaye ka ko an taɓa yanke maka hukunci kan babban laifi, ko kana ta'ammali da ƙwaya, ko kotu ta taɓa kama ka da dukan iyali, ko kai ne ainihin mai sayen. Yin ƙarya a wannan fom laifi ne na ɗauri. Daga nan mai shago ya tura sunanka ga hukumar FBI, ko 'yan sandan jiha a wasu jihohin, amsa ta dawo ɗaya cikin uku: ba shi, dakata, ko hana shi. 'Yan'uwanmu ɗalibai da ke can da bizar karatu ma dokar tarayya ta hana su saye, sai da wasu 'yan togaciya kamar mallakar lasisin farauta.

Tambayar da ta sa na zauna na bi tarihin abin ita ce, ƙasar da ake odar komai ta waya a kawo maka har bakin ƙofa, me ya sa bindiga sai ta bi ta hannun wani mutum mai littafi? Abin da na tarar shi ne da can ba haka ake yi ba, kuma kusan kowane mataki da na lissafa a sama sai da aka zubar da jini kafin a kafa shi.

A ƙarshen ƙarni na 19 yawancin Amurkawa a karkara suke, nesa da manyan kantuna. Kamfanoni biyu na birnin Shikago, Montgomery Ward da Sears, suka gina arzikinsu a kan wani ƙaton littafin tallan kaya da suke aika wa manoma. A ciki akwai garma, akwai keken ɗinki, akwai agogo, akwai kuma shafuka na bindigogi manya da ƙanana. Ka zaɓa, ka sa kuɗi a ambulan, jirgin ƙasa ya kawo maka. Babu mai tambayar shekarunka balle halinka. A 1924 Sears da kansu suka daina sayar da ƙananan bindigogi, a 1927 kuma majalisar dokoki ta hana aika ƙaramar bindigar da ake iya ɓoyewa a jiki ta gidan waya. Amma dokar ta bar ƙofa a buɗe: gidan waya na gwamnati kawai ta ambata, kamfanonin dakon kaya masu zaman kansu suka ci gaba da ɗauka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai zamanin 'yan daba masu fasa-ƙwaurin giya, su Al Capone. Ranar 14 ga Fabrairu 1929 aka jera mutum bakwai a jikin bango a wani gareji a Shikago aka buɗe musu wuta da bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Thompson. Irin wannan ta'asa ce ta haifi dokar 1934, wadda ta ɗora harajin dala 200 da rajista a kan bindigogi masu sarrafa kansu da waɗanda aka datse wa baki. Dala 200 a lokacin kuɗi ne na fitar hankali. A 1938 aka ƙara wata doka da ta ce mai cinikin bindiga tsakanin jihohi ya yanki lasisi, kuma ya riƙa ajiye bayanin wanda ya sayar wa. Kuɗin lasisin dala ɗaya ne a shekara. Littafin mai shago daga nan ya samo asali, amma odar bindiga daga nesa ba a taɓa ta ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai tsofaffin bindigogin sojojin Turai suka cika kasuwar Amurka a farashin gwanjo. A mujallar American Rifleman ta watan Fabrairu 1963, wani kamfanin kayan wasanni na Shikago mai suna Klein's ya yi tallan bindigar sojan Italiya ƙirar Carcano haɗe da madubin hangen nesa a kan dala 19.95. Wani matashi a birnin Dallas ya yanke takardar odar, ya rubuta sunan ƙarya, A. Hidell, ya haɗa da takardar kuɗi ta gidan waya ta dala 21.45 har da kuɗin aike. A cikin watan Maris aka turo ta akwatin gidan waya mai lamba 2915. Sunansa na gaskiya Lee Harvey Oswald. Ranar 22 ga Nuwamba 1963, da wannan bindigar aka harbe shugaba John Kennedy, kamar yadda hukumar binciken gwamnati ta tabbatar. Ƙaramar bindigar da ya kashe ɗan sanda J. D. Tippit da ita a wannan rana, ita ma odarta ya yi daga Los Angeles da wannan sunan na ƙarya, kuma kamfanin dako ne ya kawo ta. Kun ga ƙofar 1927 ke nan.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin nan shi ne abin da ya faru cikin daren. Jami'an FBI suka ɗauki lambar jikin bindigar, C2766, suka bi ta zuwa kamfanin da ya shigo da ita a New York, daga can zuwa Klein's. Kafin gari ya waye an zaƙulo hoton takardar odar a ma'ajiyar kamfanin, da rubutun hannun Oswald a jiki. Babu wanda ya ga fuskarsa lokacin cinikin, shi ya sa sunan ƙarya ya wuce. Amma da yake an rubuta, cikin sa'o'i aka kamo bakin zaren.

Za ku zaci washegari za a rufe wannan hanya. Ina! Sanata Thomas Dodd na Connecticut ya riga ya gabatar da ƙudurin taƙaita odar bindiga ta wasiƙa tun kafin a kashe Kennedy, amma shekara biyar ƙudurin yana kwance a majalisa. Sai da 1968 ta zo. Ranar 4 ga Afrilu aka harbe Martin Luther King a Memphis, da bindigar da aka saya a wani shago a Birmingham da sunan ƙarya. Bayan wata biyu, a farkon Yuni, aka harbe Robert Kennedy, ƙanen marigayi shugaban, a Los Angeles. Ranar 22 ga Oktoba 1968 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da har gobe ita ce ginshiƙi. Ta hana aika wa wanda ba shi da lasisi bindiga daga wata jiha, ta wajabta buga lamba a jikin kowace sabuwar bindiga, ta ƙayyade shekara 18 ga mai sayen doguwa a shago da 21 ga mai sayen ƙarama, ta kuma jera mutanen da ba za a sayar wa ba. Tun daga ranar, mai son bindigar da babu a garinsu sai ya nemi mai shago ya yi masa oda. Johnson ya so a yi wa kowace bindiga rajista a ba kowane mai ita lasisi, majalisa ta ƙi, kuma ya fito fili ya nuna takaicinsa a wurin sa hannun.

Amurkawa kuwa ba su rasa dabara ba. Tunda sai mai lasisi ake aika wa, lasisin kuma dala 10 ne a shekara, sai mutane suka riƙa yankarsa suna zaune a gida, su yi wa kansu da abokansu oda a farashin sari. A farkon shekarun 1990 masu lasisin dillanci sun kusa 250,000, har wata ƙungiya ta fitar da rahoto a 1992 tana cewa sun fi gidajen man ƙasar yawa. Ga kuma wata matsalar: fom ɗin da ake cikewa babu mai bincikar gaskiyarsa. In ka ce kai ba mai laifi ba ne, an ɗauka haka ne.

Ranar 30 ga Maris 1981 wani matashi ya harbi shugaba Ronald Reagan a Washington da wata ƙaramar bindiga mai arha da ya saya a shagon jingina a Dallas. Reagan ya warke, amma kakakinsa James Brady harsashi ya same shi a ka, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Shi da matarsa Sarah suka yi ta faɗi-tashi har sai da shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunansa ranar 30 ga Nuwamba 1993, fiye da shekara goma sha biyu bayan harbin. Ita ta kawo binciken mai saye, wanda ya koma na kwamfuta a 1998. Ita ce kuma ta ɗaga kuɗin lasisi zuwa dala 200 na shekara uku, aka biyo da neman hoto da zanen yatsa. Kafin 2007 dillalai sun ragu zuwa wajen 50,000.

Kada in ba ku rabin labari. Masu rajin 'yancin riƙe bindiga, ƙarƙashin ƙungiyar NRA, su ma sun yi nasu nasarorin, kuma tsoronsu shi ne duk gwamnatin da ta san inda kowace bindiga take, wata rana za ta iya bi gida-gida ta ƙwace. A 1986 suka samu dokar da ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga. Saboda haka littafin yana hannun mai shago ne, sai ya rufe sana'a yake tattara takardunsa ya aika wa hukumar ATF a garin Martinsburg na jihar West Virginia, inda doka ta hana a mayar da su rumbun da za a nemi mutum da sunansa. Har yau in aka tsinci bindiga a wurin kisa, sai a kira kamfanin da ya ƙera, ya ce babban dila kaza na ba, shi kuma ya ce shago kaza na tura wa, mai shago ya buɗe littafi ya karanto suna. Kusan irin tafiyar da aka yi a daren Kennedy.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan yana da tsaga. Ta farko, in FBI ta ce a dakata kuma kwana uku na aiki suka wuce ba ta ce komai ba, dokar tarayya ta yarda mai shago ya miƙa bindigar. Ta haka wanda ya kashe baƙaƙen fata tara a wani coci a Charleston ranar 17 ga Yuni 2015 ya samu tasa. Ta biyu, ciniki tsakanin mutum da mutum a jiha ɗaya ba ya buƙatar bincike a dokar tarayya, ko da yake jihohi irin su Kalifoniya da New York sun toshe wannan da tasu dokar. Mutumin da ya kashe mutum bakwai a yankin Odessa na Teksas a 2019 an taɓa hana shi a shago a 2014, sai ya je ya saya a hannun wani. Ta uku, a turo mai tsabtar suna ya cike fom a madadin wani. Kotun ƙoli ta yi tsauri a kan wannan a 2014, a shari'ar wani tsohon ɗan sanda mai suna Abramski da ya saya wa kawunsa bindiga ya rubuta cewa tasa ce. Kawun ba shi da wani laifi da zai hana shi saye, amma alƙalai biyar cikin tara suka ce ƙaryar da aka yi wa littafin ita kanta laifi ce.

Akwai kuma inda aka bi kowace ƙa'ida amma aka yi kuka. Yaron da ya shiga makarantar firamare a garin Uvalde na Teksas ranar 24 ga Mayu 2022 ya kashe yara 19 da malamai biyu, kwana takwas kafin nan ya cika shekara 18. Ya yi odar bindigarsa ƙirar Daniel Defense ta intanet, aka aiko ta wani shago a garin, ya je ya cike fom, bincike ya wanke shi domin ba shi da tarihin laifi. Rahoton kwamitin majalisar jihar ya nuna mai shagon bai ga wani abin zargi a tare da shi ba, alhali wasu da suka gan shi a shagon sun ce daga baya hankalinsu bai kwanta da shi ba. A ɗaya ɓangaren, a watan Maris 2016 wani mai ƙaramin shago a garin Logan na jihar Ohio ya ƙi sayar wa wani matashi bindiga duk da kwamfuta ta ce a ba shi, don kawai yanayinsa bai yi masa ba, ya kira 'yan sanda, aka kama shi daga baya. Doka ta ba mai shago damar ya ce a'a. A ganina wannan ce babbar riba da aka samu daga 1968: an sa ido biyu na ɗan Adam tsakanin mai oda da kwalinsa, kuma idon yakan gani, yakan kuma kuskure.

Bayan Uvalde, ranar 25 ga Yuni 2022, shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ƙara zurfafa binciken 'yan ƙasa da shekara 21 har zuwa kwana goma na aiki, ta kuma sa ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga mai saya wa wani. A daidai wannan lokacin ne gwamnatin Zamfara ta fitar da sanarwar cewa jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, bayan gwamna Masari na Katsina ya yi irin wannan kira tun a 2021. Shi ya sa na ce labarin ya shafe mu.

Ni ba zan zauna a inuwa in ce wa mutumin da aka ƙona wa rumbu aka ɗauke wa 'ya'ya mata ya naɗe hannu ba. Wanda bai kwana a daji don gudun 'yan bindiga ba, ya yi hattara da irin wa'azin da zai yi wa wanda ya kwana. Amma masu kafa hujja da Amurka su kafa da ita gaba ɗayanta. Ƙasar da ke da lamba a jikin kowace sabuwar bindiga, da littafi a kowane shago, da kwamfutar da ke amsawa cikin mintuna, a 2021 mutum 48,830 suka mutu ta bakin bindiga a cikinta, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Da littafin ke nan.

Mu fa? Dokarmu ta bindigogi tun ta 1959 ce, ta raba ikon ba da lasisi tsakanin shugaban ƙasa da sufeto janar da kwamishinonin 'yan sanda. A takarda ta fi ta Amurka tsauri nesa ba kusa ba. Amma rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce bindigogi 178,459 ne ba a san inda suke ba daga rumbunan 'yan sanda, a cikinsu har da AK-47 guda 88,078. A watan Janairu 2017 kwastam suka kama bindigogi 661 a cikin kwantena ɗaya a Legas, bayan ta riga ta fito daga tashar jirgin ruwa. Hukumar da littafin rumbunta bai daidaita ba, yaya za ta riƙe littafin ƙauyuka dubu?

Don haka duk wanda ya zo mini da maganar a raba bindiga, ko a ba 'yan sa-kai, ko a sassauta lasisi, ba na fara musu da shi a kan e ko a'a. Tambayoyin mai ƙaramin shagon nan nake yi masa. Wa zai rubuta lambarta? A wane littafi, kuma a hannun wa zai zauna? Wa zai kalli fuskar mai karɓa, kuma yana da ikon ya ce a'a ko da ɗan wane ne? In an tsince ta gobe a gefen gawa a hanyar kasuwa, awa nawa za a ɗauka kafin a san hannun da aka danƙa wa? In mai ita ya rasu ko talauci ya sa ya sayar, ina za ta koma? Bindigar Oswald an ƙera ta a Italiya a 1940 don wani yaƙi daban, ta yi kisa bayan shekara 23 a wata nahiya. Wadda aka raba bana tana nan da ƙarfinta lokacin da jikokinmu za su yi rigimar gona.

Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan majalisarmu da gwamnoninmu da ke wannan magana, a tambaye su littafin kafin a tambaye su bindigar. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.